Bindigarka ta farko a Amurka: ka saya ko ka haɗa da kanka?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace kana zaune a Greensboro ta jihar North Carolina, girin kad ɗinka, wato katin zaman dindindin, ya fito, kana so ka mallaki bindiga don koyon saiti da kuma fita farauta wata rana, ka kalli bidiyoyi da yawa a YouTube har ka yanke shawarar sayo sassan AR-15 ɗaya bayan ɗaya ka haɗa da hannunka tunda ance hakan yafi arha, sannan kana so ka san wacce tafi tsakanin AR da AK da yadda ake kula da su.

Ni na daɗe ina aikin ƙarshen mako a wani filin harbi anan Texas, nine mai tsayawa bayan masu harbi ina sa ido kar wani yayi ganganci, idan babu jama'a kuma in koma bencin mai gyaran bindigogi na wajen ina tayashi. Da wannan idon nake gaya maka gaskiya tsakani da Allah: kar ka haɗa bindigarka ta farko, kar ma ka fara da AR ɗin. Bari in maka bayani a tsanake kar kaga kamar ina kashe maka gwiwa ne.

Kafin maganar ƙarfe akwai maganar takarda, kuma mu baƙi tafi shafarmu fiye da ƴan ƙasa, don laifin da ɗan ƙasa zai yi ya sha ɗauri ya fito ya koma gidansa, kai idan ka yishi bayan ɗaurin jirgi za'a saka ka. Mai girin kad dokar tarayya ta yarda ya sayi bindiga kamar kowa. Amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na ɗan lokaci, asali an haramta masa ko riƙe ta, sai in ya faɗa cikin ƴan togaciyar da doka ta ware kamar mai lasisin farauta mai aiki. Na faɗi wannan ne saboda ranar da ka sayo ɗalibai abokanka zasu ce ka kaisu su gwada, ka san matsayin kowa kafin ka miƙa masa. Sayen kansa a wajen dila mai lasisin tarayya ake yi, ka cike fom 4473, su tura sunanka tsarin bincike na FBI da ake kira NICS wanda ya fara aiki a 1998. Tambayoyin fom ɗin nan ka karanta su da kyau. Akwai ta shan wiwi, ko jiha ta halatta tarayya bata halatta ba, akwai ta wanda kotu ta taɓa samu da laifin dukan iyali, akwai kuma ta farko mai cewa shin kaine ainihin mai sayen. Ƙarya a fom ɗin nan babban laifi ne, kuma saya wa wani da sunanka, wato wani ya baka kuɗi yace shiga ka karɓo min, dokar 2022 ta kai hukuncinsa har shekara 15. Ko yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya kace masa ya shiga da ƙafarsa. Sannan kowace jiha da nata, North Carolina da Texas basu hana AR-15 ba amma New York, New Jersey, California, Maryland, Illinois da wasu sun hana ko sun tsaurara matuƙa, to kaga in ka saka ta a mota ka nufi Bronx ta New York wajen ƴan'uwa bikin suna ka jefa kanka cikin masifa ba tare da ka harba ko ɗaya ba.

AR-15 ɗin da kake so semi-otomatik ce, to ita semi-otomatik ɗin mecece. Mutanenmu da yawa suna haɗata da bindigar sojoji mai ɓarin wuta, ba ɗaya bane. Semi duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne ke fita, abinda take yi da kanta shine tayi amfani da ƙarfin harbin ta tofar da kwanson da ya ƙone ta ɗura sabo, sai ka saki kunamar ka sake ja sannan wani ya fita. Mai ɓarin wuta kuwa tun 19 ga Mayu 1986 aka rufe yi wa farar hula rajistar sababbi. Duk wanda ya nuna maka wani ɗan ƙarfe a intanet yace in ka saka zata koma irin ta soja, ka toshe shi, wannan ɗan ƙarfen shi kaɗai a aljihunka doka tana lissafa shi a matsayin mashinga, shekara 10 ne a gidan yari.

Abinda nake so ka fara saya shine Ruger 10/22. Tun 1964 ake ƙera ta, tana cin ƙaramin harsashi .22 LR, magazin ɗinta mai juyawa ne yana ɗaukar 10, bata da nauyi, bata dukan kafaɗa, ƙararta ma da sauƙi. Na san zaka ce ai wannan ta yara ce. Wallahi duk gwanin harbin da na sani da ita ko irinta ya fara. Dalilin shine saiti ba'a koyonsa da kallo, sai ka harba dubbai, kuma kuɗin harsashin AR, wato 5.56, guda ɗaya zai saya maka na .22 biyar ko fiye. Wanda ya fara da babba ga abinda nake gani kullum a filin: harbi na farko ƙara ta razana shi, daga nan jikinsa ya koyi zabura kafin harsashi ya fita, yana runtse ido yana danna hancin bindigar ƙasa bai ma sani ba, sai ya dawo yace madubin saitinsa ne ba kyau ya kashe wasu ɗaruruwan daloli ya canza, matsalar tana nan. Cire wannan zaburar daga jikin mutum yafi koya masa daga farko wahala. Da .22 babu abinda zai razana ka, zaka ji yadda kunama ke karyewa a ƙarƙashin yatsanka, ka koyi numfashi, ka koyi ajiye kunci wuri ɗaya kowane harbi. Akwai wani shiri da ake kira Project Appleseed suna koyar da harbin raifil na kwana biyu a jihohi da yawa, a mita 25 ake yawancin darasin kuma mafi yawan masu zuwa da 10/22 suke zuwa, ka nemi na kusa da kai. Amma kar ƙanƙantar harsashin ta ruɗe ka, yana kisa sarai, kuma a jikin kwalinsa an rubuta gargaɗin yana iya tafiya fiye da mil ɗaya. Zomo da kurege zata ɗauke maka, barewa kuwa a'a, raunata dabba kawai zaka yi ta gudu ta mutu a daji da azaba, wannan zalunci ne.

Bayan wata shida ko shekara, ka harba harsashi dubu biyu uku, sai muyi maganar babba. Kuma anan Amurka amsar AR ce ba AK ba. Ba wai AK bata da kyau bane, ƙirar Mikhail Kalashnikov ce da sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949, tana aiki da sandar fistin mai tura sakata baya, wato ƙarfen da ke ɗura harsashi ya kulle a bayansa, an bar sarari tsakanin sassanta shiyasa take jure ƙura da datti. Amma a kasuwar nan ta daina zama mai arha, harsashinta 7.62x39 mai sauƙin kuɗi daga Rasha yake zuwa kuma an hana shigo dashi tun 2021, ɗora mata madubi yana da wahala, kuma ingancinta ya danganta sosai da masana'antar da ta fito, akwai masu kyau akwai waɗanda bazan bari ɗana ya tsaya kusa dasu ba. Ni kuma a raina, mu da muka san abinda AK tayi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Borno, bana jin daɗin riƙe ta, wannan ra'ayina ne ba hujjar fasaha ba.

AR-15 Eugene Stoner da abokan aikinsa suka fitar da ita a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, harafin AR ɗin ma daga sunan kamfanin ne, a 1959 suka sayar wa Colt, Colt ya fara sayar wa farar hula samfurin semi a 1964. Da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare a 1977 sai ƙofa ta buɗe, yau kamfanoni barkatai ne ke yinta kuma yawancin sassan suna shiga juna, shiyasa kowane shago yana da kayan gyaranta kuma kowane mai gyara ya santa. Yadda take aiki, akwai ƙaramin rami a jikin bututu, in harsashi ya wuce sai wani ɓangare na iskar harbin ya bi siririn tiyo ya dawo cikin sakatar ya tura ta baya. Ka riƙe wannan don shine zai gaya maka inda datti ke taruwa.

In zaka zaɓa, ka nemi wacce bata da kwalliya. Bututu inci 16, kuma wannan lambar ba ado bace, dokar 1934 bayan gyaran da aka yi mata tace raifil ɗin da bututunta bai kai inci 16 ba ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba sai da rajista ta musamman a wajen ATF, hukumar tarayya mai sa ido kan bindigogi. Ka duba abinda aka buga a jikin bututun, in an rubuta 5.56 NATO zata ci 5.56 ta ci .223 Remington, haka in an rubuta .223 Wylde, amma in .223 Remington kawai aka rubuta kar ka saka mata 5.56 don matsinsa yafi yawa. Zaka ga wata lamba kamar 1:7 ko 1:8 ko 1:9, wannan murɗin zanen da ke cikin bututun ne, 1:8 na nufin harsashi na yin juyi ɗaya a duk inci 8, ka ɗauki 1:8 ko 1:7 ka huta zasu daidaita mara nauyi da mai nauyi duka. Tsawon tiyon iskar ma ka tambaya, a bututu inci 16 matsakaicin yafi gajeren laushi a kafaɗa kuma baya gajiyar da sassa da wuri. Shikenan fa. Ruger, Smith & Wesson, Colt, FN, duk suna da na talaka masu aiki lafiya. Ragowar kuɗin ka sa a majanyin rataya, magazin masu kyau, madubi ɗaya na kirki, da harsashi da kuɗin malami. Na sha ganin mutum ya lafta wa bindiga fitila da leza da ƙafafu da madubi biyu tayi nauyi kamar turmi, a yadi 50 kuma ya kasa samun faranti.

To maganar haɗawa. Dokar tarayya bata hana wanda ya cancanci mallaka ya haɗa tasa don amfanin kansa ba, kuma a AR ɓangaren ƙasa da ake kira lowa, mai ɗauke da lambar siriyal, shine doka ke kira bindiga, in sabo zaka saya dole ta hannun dila zai biyo da fom da bincike, kuma in shi kaɗai zaka saya tsirara sai ka kai shekara 21. Waɗancan da ake tallar su ba lamba wai ka ƙarasa huda su a gida, ka nisance su gaba ɗaya, ATF ta tsaurara a kansu a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙa'idar a Maris 2025, jihohi da dama sun haramta, kuma kai baƙo bakar fata musulmi ka tsaya kayi tunanin yadda zaka yi wa ɗan sanda bayanin bindiga mara lamba a but ɗin motarka.

Ko ta halal ɗin ma bana baka shawara a yanzu. Maganar arha yawanci ba gaskiya bace a bindiga ɗaya, don masu bidiyon basa lissafa kayan aiki, ga mazarin riƙe ƙarfe, ga sifana ta musamman, ga mai auna ƙarfin ɗauri, ga ma'aunin da ake tabbatar da tazarar sakata da ɗakin harsashi, ga kuɗin aiko kowane sashe daban, ga ladan dila. In ka tara sai kaga ka kai kuɗin sabuwa a kwali ko ka wuce, kuma sabuwar tana da garanti, in taƙi aiki kamfani zaka mayar wa. Wacce ka haɗa kuwa kaine kamfanin. Babbar matsalar ma ba kuɗin bane. Wanda bai taɓa riƙe lafiyayyar AR ba bai san yadda lafiyayya take ji ba. Akwai wani bawan Allah da yazo mana da wacce ya haɗa, duk harbi biyu uku sai ta cije, ya canza magazin ya canza harsashi ya canza sifirin, wata biyu yana fama yana zargin kamfanonin da suka sayar masa da kaya, mai gyaranmu na dubawa cikin minti kaɗan yaga ashe ƙarfen da ke karɓar iska daga bututu ne bai zauna daidai kan ramin ba. Wannan da sauƙi, takaici kawai ya sha. Wanda ya tsorata ni shine wani da ya haɗa kunama ba daidai ba, ya sa maɓallin kariya a kan "a kulle" ya ja kunama don gwadawa sai ta tashi. Allah ya taimaka hancinta na kallon gaba inda ya kamata. Abu ne da ke riƙe matsin da ya haura fam 50,000 a kowane murabba'in inci kuma kuncinka na manne da shi, ba wajen koyon kanikanci bane. Ka sayi cikakkiya, ka shekara kana warware ta kana wankewa kana mayarwa har hannunka ya haddace kowane sashe, in har lokacin sha'awar tana nan sai ka haɗa ta biyu kusa da wanda ya iya, ka kuma kai wa mai gyara ya duba kafin harbin farko.

Kulawa kuma, anan ne nake so ka buɗe kunne don nan mutane suka fi lalata kayansu. Akwai tarihi mai ɗaci a kai. Lokacin da aka raba wa sojojin Amurka M16 a yaƙin Biyetnam, wadda ita ce ƴar'uwar AR ta soja, an basu ita ba isassun kayan wanki, labari ya bazu cewa wai tana wanke kanta, ga shi an canza irin alburushin da aka ƙera ta dashi zuwa wani mai yawan datti, ɗakin harsashin kuma ba'a shafe shi da kurom ba a ƙasa mai ruwa da laima. Kwanso ya dinga maƙalewa ana tsakiyar faɗa, mutane suka mutu da bindiga a hannu, har majalisa ta kafa kwamitin Ichord ya bincika a 1967. Bayan nan aka gyara, aka raba kayan wanki. To babu bindigar da ke wanke kanta.

Kafin ka taɓa komai, cire magazin tukuna, sannan ka ja sakata baya, ka leƙa ɗakin harsashi da ido ka kuma sa yatsa ka taɓa. Jerin yana da muhimmanci, in ka ja sakata kafin ka cire magazin ka fitar da ɗaya ne ka ɗura wani. Harsasai kuma su bar ɗakin gaba ɗaya, ba gefen tebur ba, wani ɗakin daban. Yawancin labaran "ina cikin wanke ta ne ta tashi" daga tsallake wannan suke fitowa.

AR tana son mai. Wannan shine abinda sababbi basa yarda dashi, suna ganin baƙin da ke taruwa a sakata sai suyi ta kankara har ƙarfe yayi fari su mayar da ita a bushe, sai ta fara cijewa. Mai datti da mai zata yi aiki, mai tsabta a bushe ce ke bada kunya. Ka goge sakatar da tsumma, ka diga mai a duk inda kaga ƙarfe ya goge yana sheƙi don nan ne yake gugar ɗan'uwansa, da haƙoran sakatar, da ƴan ramukan da ke gefenta inda zobban iska suke. Man CLP, mai wankewa da shafawa da hana tsatsa, ya isa, in kana son ruwan wanke bututu daban Hoppe's No. 9 tsohon hannu ne. Inda ba'a so mai ya taru shine cikin ɗakin harsashi da cikin bututu kafin harbi, ka bi da busasshen ƙyalle, kuma kar ka zuba komai cikin siririn tiyon iskar nan, kar ka cusa masa komai, zafin harbi ke share shi. Bututu daga baya ake wanke shi, wato daga ɗakin harsashi zuwa baki, hanyar da harsashi ke bi, saboda leɓen bakin bututun shine abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in sandar wanki ta ci gefensa saitinka ya tafi kenan. Kuma ba sai kayi ta dirza ba, na ga bututun da yawan wanki ya kashe fiye da wanda harbi ya kashe. 10/22 ita kuma akasin haka, harsashin .22 yana da kakin zuma a jiki da datti sosai, in ka cika mata mai sai ya haɗu da tokar ya zama kamar kunu, ɗan kaɗan take so.

Inda kake akwai laima lokacin zafi, tsatsa zata fi damunka fiye da datti. Gumin hannu gishiri ne, duk sanda ka taɓa ka goge da tsumma mai ɗan mai kafin ka ajiye. Kar ka barta kwance cikin jakar soso da ka ɗauko ta, soson yana riƙe danshi, ka sa abin tsotse laima a cikin akwatin ajiya, ko baka harba ba duk wata biyu ka fito da ita ka duba. In kuma wata rana ka sayi tsofaffin harsasan soja masu arha na ƙasashen gabashin Turai, da yawansu suna barin wani gishiri a bututu wanda mai baya narkar dashi, sai ruwa, ranar zaka wanke ka busar ka shafa mai, in ka bari kwana biyu zaka ga ja a ciki.

In ta fara cijewa, fara zargin magazin, sannan mai, sannan harsashi, kafin ka zargi bindigar. Ka rubuta wa kowane magazin lamba da fenti, wanda ya baka matsala sau biyu ka fitar dashi daga layi, ba abin gado bane. Sifirin, zobban iska da ƙugiyar da ke zaro kwanso duk suna gajiya, ka riƙe ɗan littafi kana rubuta adadin da ka harba don ka san lokacin duba su.

Abu biyu ne ke fasa bindiga a fuskar mai ita kuma ina so ka haddace su. Na ɗaya in ka ja kunama kaji ƙarar tayi rauni, ɗan "fut" ba irin ta kullum ba, ko kafaɗarka bata ji komai ba, tsaya cak. Mai yiwuwa harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, in ka aika wani a bayansa bututun zai tsage. Sauke komai ka duba cikinsa. In kuma ka ja kaji "ƙyas" kawai ba ta tashi ba, ka bar hancinta na kallon gaba ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Na biyu haɗa harsasai. Akwai wani da ake kira .300 Blackout, magazin ɗaya suke amfani dashi da 5.56, kuma yana iya shiga ɗakin 5.56 sakata ta rufe a kansa alhali kansa yafi ramin bututun kauri. Na taɓa ganin sakamakon da idona, ɓangaren sama ya dare, magazin ya tarwatse ta ƙasa, mutumin tabarau ne ya ceci idonsa. Daga kwalin abokinsa ya ɗebo ya zuba a aljihu. Shiyasa tabarau da abin toshe kunne ba zaɓi bane, ƙarar AR tana haura desibel 160, jin da ya tafi kuma baya dawowa, ni ina sa na cusawa in ɗora na rufewa a kai musamman a filin cikin gini.

Ƙa'idojin nan huɗu da malamin harbin nan ɗan Amurka Jeff Cooper ya yaɗa zaka ji su a kowane fili: kowace bindiga ka ɗauka a ɗure take, kar hancinta ya kalli abinda baka yarda ka halaka ba, yatsa baya shiga wajen kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abinda kake hari da abinda ke bayansa. Mu kam tun kafin shi muna da namu, hadisi ne a Bukhari da Muslim Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan ya fizge hannunsa. Ko da wasa, ko don hoto, ko ka rantse babu komai a ciki.

Baka faɗi ko kana da iyali ba, amma ko baka da su gidajenmu basa rabuwa da baƙi da yaran maƙwabta. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin bindigar ta shigo gidan, ka ɗaure shi da bango ko ƙasa, bindiga a sauke, harsashi a kulle wani wajen daban. Saman wadrob ba ɓuya bane, yaro ya san gidan fiye da kai. North Carolina tana da dokar da ke hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai kai gareta har wani abu ya faru, amma ba tsoron doka ya kamata ya sa ka ba. Akwai kuma abinda bamu cika faɗa ba, fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar nan kowace shekara su suka kashe kansu. Zaman ƙasar waje yana da kaɗaici da matsi, in wata rana kai ko wani a gidan ya shiga ƙunci mai tsanani, ka fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, wasu shagunan suna karɓar ajiya, kuma lambar 988 ta taimakon masu ƙunci da tunanin kashe kai tana aiki dare da rana. Sannan dalma. Mu da muka ga abinda gubar dalma tayi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba, ƙurar harbi tana ɗauke da ita, ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, kayan da ka je fili dasu a wanke su daban, kar kuma ka wanke bindiga akan teburin cin abinci ko tabarmar da yara ke rarrafe.

Saura abu ɗaya da na san zai zo maka, don ni yazo min ba sau ɗaya ba. Da zarar an ji a gida kana da ita, wani zai kira ka yace ƴan bindiga sun dame su, dan Allah ka saka masa ko ɗaya a cikin motar da zaka turo ko a durum ɗin kaya, ko magazin, ko madubi. Zuciyarka zata karye don ka san halin da suke ciki gaskiya ne. Kar ka yi. Fitar da bindiga ko sassanta ko harsashi daga Amurka ba lasisin gwamnatin tarayya babban laifi ne kuma an ɗaure ƴan Afirka ta Yamma da dama a kansa, a Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ta haramta shigo da ita ba izini, wanda ka aika wa shima ka jefa shi. Kuma makamin da ya isa can baka da iko da hannun da zai ƙare a ciki. In kana so ka taimaka ka tura kuɗin abinci ko na magani ko na sauya musu wurin zama.

Satin nan abinda zaka yi shine kayi rajistar darasin koyon farauta na hukumar namun daji ta jiharku, kyauta suke yinsa kuma dama yawanci sai dashi ake samun lasisin farauta, ka je wani fili mai bada haya ka biya malami awa ɗaya ya tsaya a kanka ka gwada .22 da AR duka biyun. In ka dawo ka turo min hoton takardar da ka harba, daga inda ramukan suka taru zan gaya maka abinda hannunka ke yi.